Wace wuƙa ce ba za ta ba mutum kunya a daji ba?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a kan wuƙar da mutum zai rataya in zai yi kwana biyu ko uku a daji: yankan igiya, fiƙe itace, faskara 'yan ƙirare, gyaran nama ko kifi, kunna wuta. Guda ɗaya ake so, ba tarkace ba. Ina ganin wasu manya masu haƙoran zarto a baya, da ƙota mai rami da ake zuba ashana a ciki. Irin su ake nema, ko da abin dubawa?

Maƙeri: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara cire mai ramin nan daga lissafi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tunda ƙotar fanko ce, ƙarfen ruwan wuƙar a bakin ƙota ya tsaya, an riƙe shi da ɗan noti ko ɗigon walda. Duk bugun da ka yi, a wannan mahaɗar yake sauka, kuma nan take rabuwa biyu. Akwai ƙalilan da aka sassaƙa daga sandar ƙarfe guda, waɗannan daban ne, amma ba su ne suka cika gari ba.

Abin da za ka fara tambaya shi ne wutsiya, wato ƙarfen da ya zarce cikin ƙota. Iri uku ce. Akwai cikakkiya: ƙarfen ya tafi har ƙarshen ƙota da faɗinsa, an manna masa marafa biyu da ƙusoshi, kana ganin ƙarfen a zagaye. Akwai siririya kamar wutsiyar ɓera, ta ratsa ƙotar har ƙarshe an take kanta ko an ɗaure da noti. Sai guntuwa, wadda ta tsaya a rabi ko kashi uku cikin huɗu. Ga wanda wuƙa ɗaya tak zai dogara da ita, cikakkiya nake ba shi shawara. Ko marafan sun fashe, ka naɗa igiya ka ci gaba da aiki.

Tsohon Maharbi: Malam Maƙeri, a kan mai rami ban ja ba. Amma "sai cikakkiyar wutsiya" ɗin nan an cika zuzuta shi. Mutanen Finlan sun yi ɗaruruwan shekaru da wuƙarsu puukko a dazuzzukan sanyi, siririyar wutsiya gare ta. Wuƙar Ka-Bar da sojojin ruwan Amurka suka zaɓa a 1942 ma siririya ce, an jera zobban fata a kanta. Morakniv Companion ta Suwidin ko ƙarshen ƙota wutsiyarta ba ta kai ba, ga ta a hannun masu shiga daji ko'ina a duniya. Wuƙa ba ta karyewa don yanka. Tana karyewa ne in an mai da ita gatari ko abin ɓanɓare akwati.

Kuma cikakkiya tana da nata aibin: ta fi nauyi, sannan a wuri mai tsananin sanyi ƙarfen da ke zagaye da ƙota yana cizon tafin hannu.

Injiniya: Baba Maharbi da Malam Maƙeri, kowa da gaskiyarsa, amma akwai wurin da ba a ambata ba: kafaɗa, inda faɗin ruwan wuƙa yake tsukewa ya koma wutsiya. In an yanke wurin da kusurwa mai kaifi, duk ƙarfin lanƙwasa a wannan lungun yake taruwa, tsaga ta fara daga nan ta ratsa. In an kewaye lungun da ɗan lanƙwasa, nauyin yana bazuwa. Shi ya sa za a ga siririyar wutsiya ta jure shekaru, wata mai kauri ta ɓalle a bugu na biyar. Haka ma cikakkiyar da aka huda mata manyan ramuka dab da bakin ƙota don rage nauyi, ba ta fi siririya mai kyau ba. Matsalar dai, a siririya ba ka ganin kafaɗar sai ta karye. Wannan ne kaɗai dalilin da zai sa in bi bayan Malam Maƙeri: abin da ido ke gani ya fi sauƙin tantancewa.

Sabon Shiga: Na gane. To tsawo fa? A tunanina gara babba, tunda babba tana aikin ƙarama.

Tsohon Maharbi: Yaro, akasin haka ne. A cikin aiki goma na daji, tara na kusa da hannu ne: fiƙe turaku, sassaƙa ƙugiya, fere ɓawo, yanka tsumma, fiɗa. Ruwan wuƙa na santimita 10 zuwa 12 shi ne daidai, wato kamar faɗin tafin hannunka ko ya ɗara kaɗan. In ta kai 18 ko 20, tsininta ya yi nisa da yatsunka, ba ka iya sarrafa shi, ga ta ba ta da nauyin da za ta yi sara kamar adda. Ta faɗi tsakani, ba ta tsinana nan ba, ba ta tsinana can ba. Duba Fällkniven F1, wadda matuƙan jiragen yaƙin Suwidin ke ɗauka tun 1995 don ko jirgi ya faɗi da su a daji: ruwanta bai kai santimita 10 ba.

In ka san za a yi yankan itace sosai, ƙara ɗan zarto mai naɗewa a jaka. Reshe mai kaurin damtse, zarto ya gama da shi kafin mai babbar wuƙa ya kai rabi, kuma ba gumi.

Maƙeri: A nan ba mu da saɓani da Baba. Kauri kuma milimita 3 zuwa 4 a gadon baya. Ƙasa da 2.5 tana yanka kamar reza amma ba ta son murɗawa. Ta milimita 6 tana tsaga itace da kyau, sai dai ka sa ta a kifi ko albasa ka ga tana fasawa maimakon yankawa. Haƙoran zarton baya kuwa ado ne: ba a karkata su hagu da dama kamar na zarton gaske ba, don haka suna cijewa a cikin itace bayan ɗan zurfi kaɗan, su hana ka ɗora babban yatsa a baya, su cinye sandar da kake bugawa da ita, su yaga kube. Rabin baki mai haƙora ma haka: ya cinye daidai wurin da ake sassaƙa da shi, kusa da ƙota, kuma ba ya wasuwa a dutse mai faɗi.

Tsini: nemi wanda bayansa ya ɗan sunkuyo ƙasa ya haɗu da kaifi a kusan tsakiyar faɗin wuƙar. Yana huda rami, ba ya tsinka hanji a fiɗa, kuma akwai nama a bayansa. Siririn tsini mai kama da allura shi ne farkon abin da ke ɓallewa. Mai baki biyu kuma ka bar ta, makami ce, ba kayan aiki ba.

Mai Yawon Ruwa: Ku zo kan ƙarfe, don nan ake yawan yaudarar mutane. Ra'ayina: wanda zai shiga damina, bakin teku ko harkar kifi, ya ɗauki marar tsatsa ya huta. Ƙarfen kabon irin 1095, a kwana guda cikin jiƙaƙƙen kube ya yi ja. Kuma ba munin gani ne damuwar ba. Tsatsa tana cin siririn kaifin kansa, ka wasa da dare, ka tashi da safe ta dakushe ba ka yanka komai ba.

Maƙeri: Yallaɓai, gaskiya ne, amma ka faɗi ɗaya ɓangaren. 1095 kabon ɗinsa kusan kashi 0.95 cikin ɗari ne, ba shi da wasu gauraye masu yawa, shi ya sa yake wasuwa a kusan kowane dutse, har dutsen bakin rafi mai santsi. Wannan a daji ba ƙaramin abu ba ne. Tsatsa kuwa maganinta tsumma da ɗigon mai. In an bar shi ya yi wannan dusu-dusun baƙi-baƙi da kansa, ko an jiƙa shi da ruwan khal na ɗan lokaci an wanke an shanya, wannan rufin yana rage jan tsatsa.

Injiniya: Bari a warware wannan, don muhawarar "kabon ko marar tsatsa" ta tsufa. Ana kiran ƙarfe marar tsatsa in kuromiyam ɗinsa, sinadarin da ke hana tsatsa, ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye. Mugun sunan da ya yi a da, daga wuƙaƙen da ba su da isasshen kabon ya samo shi, masu laushi, ko masu manyan ƙwayoyi a ciki da ke sa baki ya ɓarɓashe. Amma 12C27 da 14C28N na Suwidin, kabon ɗinsu kusan 0.6 ne, kuromiyam 13.5 zuwa 14, ƙwayoyinsu ƙanana. Suna wasuwa cikin sauƙi, kuma a gwajin juriyar karyewa 14C28N yana gaban 1095, ba baya ba. Shi aka sa wa Morakniv Garberg, mai cikakkiyar wutsiya da kaurin milimita 3.2.

Wanda zan ce a yi hattara da shi a wannan aikin D2 ne. Kabon 1.5, kuromiyam 12, yana riƙe kaifi a yankan kwali da igiya, amma manyan ƙwayoyin cikinsa suna sa baki ya gutsure in ya haɗu da ƙulli ko ƙashi, kuma dutse na yau da kullum yana wahala a kansa. Masu tsananin riƙe kaifi irin S30V ma sai da dutsen daimon a aljihu.

Sannan duk sunayen nan, rabin labari ne. Sauran rabin yana wurin gashi da tsomawa, abin da ke ba ƙarfe taurinsa. Ana auna shi da ma'aunin Rockwell, ana rubuta HRC. Ga wuƙar daji, 57 zuwa 60 ne tsaka-tsaki. Ƙasa da 55, baki yana kwanciya. Sama da 62 a ƙarfe irin 1095, yana ɓallewa. Wuƙar da aka rubuta mata "ƙarfen tiyata" ko "ƙarfen soja" ba lamba ba HRC, mai ita yana ɓoye wani abu ne.

Sabon Shiga: Injiniya, wani ya ce marar tsatsa ba ta kunna wuta. Haka ne?

Injiniya: An haɗa abu biyu ne. A ƙyastu da ƙanƙara, dutsen ne ke kankare ƙarfen wuƙar, ɓurɓushin ƙarfen ya kama wuta. Wannan sai ƙarfen kabon mai tauri. Amma sandar tartsatsi ta zamani, wadda ake ce wa ferro, ita ce ake kankarewa, tartsatsin daga jikinta yake fita da zafin kusan digiri 3,000. Duk abu mai tauri da gefe mai kaifi yana yi, har fasasshiyar kwalba. Abin da take bukata daga wuƙa shi ne gadon baya mai kusurwa tsaye, digiri 90, ba wanda aka goge ya yi santsi ba. Kada a yi amfani da kaifin, yana ƙona shi ya gutsure shi.

Tsohon Maharbi: Ku dawo kan faskare da wuƙa, don shi ne ya kawo duk zancen wutsiyar nan. Ban son shi. Daji cike yake da busassun ƙirare, me ya kai mutum dukan wuƙarsa da gungume?

Mai Yawon Ruwa: Baba, a rani ka yi gaskiya. Bayan ruwan kwana uku fa? Duk ƙiraren sun jiƙe, busasshen itace yana cikin cikin reshe ne kawai, sai an tsaga. Ana yi, amma da ƙa'ida. Kaurin itacen kada ya wuce kashi biyu cikin uku na tsawon ruwan wuƙa, don tsini ya leƙo ta ɗaya gefen a samu wurin bugawa. A zaɓi miƙaƙƙe marar ƙulli. A ɗora shi a kan wani itacen, ba a kan ƙasa ko dutse ba, don in wuƙar ta ratsa kada ta sauka a tsakuwa. A buga da itace, ba dutse ba, ba ƙarfe ba. Hannun da ke riƙe da ƙota ya danna ƙasa, wuƙar ta zauna a kwance: in ƙota ta ɗago sama ana dukan tsini, kafaɗar da Injiniya ya ambata ce ke shan wahala. In ta cije, kada a murɗa. A fiƙe ɗan itace kamar harshe, a buga shi a cikin tsagar, shi zai ƙarasa aikin ya saki wuƙar.

Tsohon Maharbi: To ai ka faɗi da bakinka. Wanda ya iya fiƙe harshen itacen nan, ɗan tsaga kawai yake bukata daga wuƙa, sauran itace ya ci itace. Da wannan dabarar ko guntuwar wutsiya ta isa.

Maƙeri: Baba ya ci wannan zagayen, amma sabon shiga ba zai tuna dabara ba in sanyi ya kama shi da magariba. Shi ya sa nake so ƙarfen ya yafe masa kuskure.

Saura yadda aka fitar da bakin. Irin na sikandi, wato salon ƙasashen Sikandinebiya, fuska ɗaya ce mai faɗi kowane gefe, ta gangaro kai tsaye zuwa kaifi, jimillar kusurwa tsakanin digiri 22 da 27. A sassaƙar itace babu kamarsa, kuma wasa shi ba ya son gwaninta: kwantar da fuskar a kan dutse ka tura. Rauninsa, bakin siriri ne, ƙashi da ƙulli suna kwantar da shi, sai an ɗan ƙara masa ƙaramar kusurwa a can bakin. Shimfiɗaɗɗe, wanda ya sirance tun daga baya har ƙasa sannan aka yi ɗan baki na kusan digiri 20 kowane gefe, shi ya fi a nama da aikin gama-gari. Mai ƙumbo kamar bakin gatari ya fi juriya, irin na F1 ke nan, amma wasa shi sai da samfefa a kan abu mai ɗan laushi ko hannu da ya saba. Mai kwarmi kamar aska yana yanka fata da daɗi, a itace kuma yana cijewa, bakinsa ba shi da majingina.

Baduku: Kun yi ta ƙarfe kun manta gidan wuƙar. Wuƙar da ta zame a hanya, ko wane irin ƙarfe ce, ba ta da amfani. Gwajin kube: sa wuƙa, kifa shi, girgiza da ƙarfi sau uku a kan abu mai laushi. In ta faɗo, a canza. Na fata dole a ga an sa wani zirin fata tsakanin ɓangarorin biyu a gefen kaifi, in babu shi wuƙar za ta yanke ɗinkin ta fito ta cinya. Fata tana shan ruwa ta riƙe, don haka ba a ajiye wuƙar kabon a cikinta wata da watanni. Na Kydex ko roba mai tauri ba ya shan ruwa, a duba dai akwai ɗan rami a ƙasa da ruwa zai tsiyaye. Nasa aibin biyu ne: in yashi ya shiga yana goge kaifi duk shiga da fita, kuma in an bar shi a mota cikin rana yana iya saki. Na yadi marar tauri a ciki, tsini yana huda shi.

Ƙota kuma ta cika hannu, santimita 11 zuwa 12, mai siffar ƙwai in an duba ta daga ƙarshe, ba zagayayya ba, don hannu ya san inda kaifi ya fuskanta ko cikin duhu. Masu gurbin yatsu huɗu suna da daɗi a riƙo ɗaya, ka juya wuƙar su zama ƙaya. Micarta, wato yadi ko takarda da aka matse da gam har ta yi tauri, tana ƙara kamawa in ta jiƙe. Roba mai laushi ba ta zamewa, sai dai in ta cika kaushi tana tayar da bororo a dogon aiki. Kuma launi mai haske, ruwan lemo ko ja, ya fi baƙi ko kore: wuƙa a cikin ciyawa take ɓata.

Malamar Jinya: Yayyena, a ba ni wuri kaɗan. A daji raunin wuƙa daga mai ita yake zuwa. Kada a yi sassaƙa a tsakanin cinyoyi ko a kan cinya, babbar jijiyar jini tana bi ta cikin cinya, in ta yanke mintoci kaɗan ne. A zauna, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, aikin yana gaban gwiwoyi, ko a yi shi ta gefen jiki. A miƙa hannu da wuƙa a kube a zagaya: duk wanda ke cikin wannan da'irar ya matsa. Ƙota ta kasance da ɗan tudu ko makari a gaba, don hannu mai jini ko maiƙo kada ya zarce kan kaifi. In an yanke, a danna da tsabtataccen ƙyalle minti 10 ba ɗagawa ana leƙe. Bandeji ya zauna a jaka ɗaya da wuƙa, kuma a duba ko allurar tetanos ta wuce shekara 10. Dakusasshiyar wuƙa ta fi yanka mai ita, don sai an danna da ƙarfi take ci, in ta kuɓuce kuma da wannan ƙarfin take tafiya.

Mai Kula da Zaure: Mun gode Malama. A ƙara da doka, don ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Jamus, yawo da wuƙa marar naɗewa da ruwanta ya wuce santimita 12 sai da dalili karɓaɓɓe. A Birtaniya, wadda ake ɗauka ba tare da dalili ba ita ce mai naɗewa marar makulli da bakinta bai wuce inci 3 ba. A jirgin sama kuwa, cikin kayan da ake aunawa take tafiya, ba jakar hannu ba.

Sabon Shiga: Allah Ya saka. To in ta zo hannu, yaya zan san gashin nata ya yi, tunda ba a gani da ido?

Maƙeri: Kafin komai ka hango ta daga ƙota zuwa tsini kamar mai saita bindiga: ta miƙe, fuskokin biyu daidai, babu giɓi tsakanin marafa da ƙarfe inda ruwa zai shiga. Sannan ka wasa ta, ka samu busasshen itace mai tauri ka sassaƙa sau hamsin, ka ɗan tsaga biyu uku. Juya kaifin sama a ƙarƙashin fitila. Kaifi mai kyau ba ya ƙyalli. In ka ga ɗigo-ɗigon haske kuma farce yana kamawa ta gefe ɗaya, baki ya kwanta, ƙarfen ya yi laushi ko bakin ya cika siranta. In farce yana faɗawa ƙananan giɓi, ya gutsure. Amma kada ka yanke hukunci a karon farko: injin masana'anta yakan ƙona can bakin, sai an wasa sau biyu ko uku ake kai wa lafiyayyen ƙarfe. In bayan wasa na uku tana nan yadda take, ba ta daji ba ce.

Wannan ne ma dalilin da ba a kai wuƙa busasshen injin wasa, ba a kuma tona garwashi da ita. In ka ga baki ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi, zafi ya wuce digiri 200 zuwa 300, taurin wurin ya tafi.

Injiniya: Ga lissafin kusurwa ba tare da ma'auni ba. Don digiri 20, ɗaga gadon baya daga dutse da kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin wuƙar: mai faɗin milimita 25, ɗagawa 8 zuwa 9. Shafa tawadar alƙalamin maka a bakin, ja sau biyu, ka duba. In tawada ta goge a sama ta bar can bakin, ƙara ɗagawa. Fara da dutse mai kaushi, mai lamba 400, in ta dakushe sosai, sannan mai laushi, mai lamba 1,000. Ka tsaya a gefe ɗaya har yatsa ya ji ɗan leɓen ƙarfe ya juyo ta ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan ka juya. Wanda bai jira leɓen nan ba, goge kafaɗun baki kawai yake yi. A ƙarshe ja a kan fata, baya na gaba kaifi na biye, sau 10 zuwa 15 kowane gefe.

Sabon Shiga: Tambaya ta ƙarshe. In na samu wadda komai ya yi amma bayanta mai santsi ne, ba ta kankarar ferro?

Maƙeri: Gyaran minti goma ne. Naɗe kaifin da tef, matse wuƙar baya na sama, ka bi santimita 3 zuwa 4 na bayan da magagari mai laushi ko dutsen daimon a kwance daram, ba karkatawa, har gefen ya fara kankarar farce. Zaɓi wurin ta wajen tsakiya, ka bar santimita 2 na kusa da ƙota da santsinsu, don nan babban yatsa yake zama.

Mai Yawon Ruwa: In kuma irin mai ƙarfe uku a manne ce, mai tauri a tsakiya masu laushi a gefe, gefen bayan ba lallai ya riƙe kusurwar ba. Wannan a rataya mata ɗan makankarin da ke zuwa da sandar a jikin kube.